Zamiyar Ƙanƙara Ga Ɗan Koyo: Yadda Za Ka Hau Gangara Ka Sauko Lafiya

Tun da na saka hotunan zamiyar ƙanƙara da muka ɗauka a dutsen Erciyes, kusa da Kayseri a Turkiyya, saƙonni ba su yanke ba. Ɗalibanmu da ke karatu a waje suna tambaya, 'yan Kantin Kwari masu zirga-zirgar Dubai suna tambaya, har wata Hajiya da za ta kai 'ya'yanta hutu Alƙahira ta aiko a tambayar mata. Tambayar kusan iri ɗaya ce: ta ina ake farawa, me ake kashewa, kuma ba a karyewa?

Ana karyewa. Amma a abin da na gani da idona, abu biyu ne ke jawo wa ɗan koyo rauni: ko ya hau gangarar da ta fi ƙarfinsa tun bai iya tsayawa ba, ko ya tsaya a inda bai kamata a tsaya ba. Duka biyun ana iya kauce musu. Wasan iri biyu ne. Akwai siki, wato dogayen alluna biyu sirara, kowace ƙafa da nata, tare da sanduna biyu a hannu. Akwai sinobod, allo ɗaya mai faɗi da ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa, mutum ya tsaya a kaikaice. Bayanina ya fi karkata ga siki, inda na sinobod ya bambanta zan faɗa.

1. Tun kana Kano

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda kafin ka tashi ka fara motsa ƙafafunka, domin wannan wasa cinya da gwiwa yake ci. Hawa Dala ko Goron Dutse sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Idan ba ka da wannan sarari, ka jingina bayanka da bango, ka durƙusa kamar mai zama a kujerar da babu ita, ka ƙirga zuwa talatin, ka miƙe, ka sake. Ka kuma hau sikeli ka san nauyinka a kilo, ka auna tsayinka a santimita, ka rubuta su a waya. Za ka ji amfaninsu a mataki na 4.

Maganar da ta fi damuna a nan ita ce ta sikila. Sanyi mai tsanani, ƙarancin iska a saman dutse, da bushewar jiki, ukun nan su ne manyan masu tayar da ciwon, kuma a filin zamiya suke haɗuwa wuri guda. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, alhali ƙolin Erciyes ya haura mita 3,900, kuma filin wasan da ke jikinsa daga sama da mita 2,000 yake farawa. Mai sikila kada ya kuskura ya je sai likitansa ya yarda. Ko mai AS ma ya faɗa wa likita inda za shi, domin tudu mai nisa yakan taɓa saifa. Haka mai asma, mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai juna biyu.

Gargaɗi: inshorar tafiya da ake saya don neman biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasannin ƙanƙara. Ka karanta takardar, ka nemi wadda ta ambaci wasan a fili. A Faransa sauko da wanda ya ji ciwo daga gangara ba kyauta ba ne, shi ya sa a yankin Savoie ake sayar da inshorar Carré Neige tare da tikiti a kan 'yan Yuro kaɗan a rana. A Italiya kuwa, tun 2022 doka ta wajabta wa mai zamiya inshorar da za ta biya wanda ya buge.

2. Zaɓen wuri da lissafin kuɗi

Ga mutumin Kano, wuri mafi sauƙin fara koyo shi ne na cikin gini. Ski Dubai yana cikin Mall of the Emirates, an buɗe shi a 2005, gangararsa mafi tsawo mita 400 ce, sanyin ciki kuma yana ƙasa da sifili kaɗan duk shekara. Ski Egypt yana Mall of Egypt a gefen Alƙahira tun 2017. A irin waɗannan wurare babu iska, babu hazo, babu rana, kuma ana ba da riga, wando, takalmi da alluna cikin kuɗin tikiti. Ka dai tambaya ko safar hannu na ciki, don sau da yawa saye ake yi daban. Ka sani kuma a Ski Dubai ba a barin wanda bai iya tsayawa da juyawa da hawan kujerar lilo (kujerar da ke rataye a igiya, mai kai mutane saman gangara) ba ya shiga babbar gangara. Darasi za a tura shi. Wannan tsari ya yi daidai, kada ka ɗauke shi wulaƙanci.

Idan dutse na gaske kake so, a Turkiyya akwai Uludağ kusa da Bursa, Erciyes, da Palandöken a Erzurum. A nahiyarmu akwai Oukaïmeden a Maroko, kudu da Marakesh, da Afriski a Lesotho. A ƙasashen arewa lokacin wasan daga Disamba ne zuwa Maris, a Lesotho kuwa daga Yuni zuwa Agusta.

Kafin ka je Wapa canji, ka lissafa abubuwa biyar: tikitin hawa, hayar alluna da takalmi da hular kwano, kuɗin malami, inshora, sai abinci da akwatin ajiya. Farashi na sauyawa kowace shekara, don haka ka duba shafin wurin a intanet. A manyan wuraren tsaunukan Alps tikitin yini ɗaya yakan haura Yuro 60, a wasu manyan wuraren Amurka ya wuce Dala 200. Shawarata, kada ka sayi tikitin dukan dutse a ranar farko. Ɗan koyo ba ya wuce ɗan filin da ke ƙasa, kuma wurare da yawa suna da tikiti mai arha na wannan filin. Idan aljihu ya matse, ka rage kwanaki, kada ka yanke kuɗin malami.

3. Sutura

Sanyin hunturu na Kano, wanda ke sa mu kewaye kaskon gawayi da asuba, ba ya kusantar sifili. A can kuwa ruwa ƙanƙara yake zama a ƙasa. Duk da haka, kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne jibga kaya masu kauri har biyar, su yi gumi, gumin ya yi sanyi a jiki.

Hawa uku ake sawa. Na ciki ya zama mai kama jiki, na ulu ko na roba-roba irin na 'yan wasa. Na tsakiya suwaita. Na waje riga da wando da ruwa ba ya ratsawa. Auduga ita ce abokiyar gaba a nan: singileti, shadda, wandon jins, duk suna riƙe ruwa su daskarar da mutum. Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Ka zagaya wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, akan dace da rigunan sanyi na gaske a dila. Ka ɗiga ruwa a hannun rigar: idan ya gangare tana da kyau, idan ya shige ka ajiye ta.

Safa ƙafa ɗaya tak, doguwa har ƙasan gwiwa, marar kauri sosai. Safa biyu a jere suna naɗewa su ci ƙafa, su kuma hana jini gudu, ƙafar ta ƙara sanyi. Safar hannu dole ce, ba don sanyi kaɗai ba: gefen allo ƙarfe ne mai kaifi, kuma hannu ne ke fara taɓa ƙasa.

Ga 'yan'uwa mata, wandon wasan da rigarsa masu yalwa ne, suna rufe jiki ruf. Abin lura shi ne kai. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai ko hular da ke rufe wuya, a cusa bakinsa cikin riga, sannan hular kwano ta hau kai. A cire fil da allura gaba ɗaya, a kuma sauke ɗaurin gashi zuwa ƙeya don hular ta zauna daidai.

Gargaɗi: dogon mayafi, abaya, rawani, ko duk wani abu mai reto, kada ya shiga gangara. Yana iya maƙalewa a kujerar lilo ya shaƙe mai shi.

Sai ido da fata. Sabuwar ƙanƙara takan mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma ƙarfin hasken na ƙaruwa da kusan kashi 10 a duk mita 1,000 da aka hau. Wanda ya yini ba tabarau, da dare zai ji kamar an watsa masa yashi a ido. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙonewa. Ka shafa man kariyar rana a fuska, ka riƙe man leɓe ko man kaɗanya a aljihu.

4. A shagon haya

Ka je da wuri, kafin layi ya yi tsawo. Za a tambaye ka nauyi, tsayi, shekaru da iyawarka. Ka faɗi gaskiya. Da waɗannan bayanai, haɗe da tsawon takalminka, ma'aikaci ke saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allo. An yi maƙalin ne don ya saki ƙafa idan ka faɗi. Idan ka ƙara wa kanka iyawa aka ɗaure shi da ƙarfi, allo ba zai fita ba, gwiwarka ce za ta murɗe a madadinsa. Idan kuma ya yi sako-sako, zai sake ka kana cikin tafiya. Kada ka taɓa saitin da kanka, kada kuma ka yi musayar alluna da abokinka ko da takalminku lamba ɗaya ne.

Takalmin siki tauri gare shi, kuma haka aka yi shi. Idan ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, idan ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Kada komai ya shiga cikinsa sai ƙafa da safa. Bakin wando a waje yake zama. Idan wani wuri na cizonka tun a shago, ka koma a canza, domin bayan awa ɗaya ba za ka iya taka ƙasa ba. Allon ɗan koyo gajere ne, idan ka tsayar da shi kada ya wuce haɓarka.

Hular kwano ba abin shawara ba ce. Ta zauna daidai goshi, idan ka girgiza kai kada ta motsa, igiyarta a ɗaure. A 2009 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangarar 'yan koyo a Mont Tremblant na Kanada, tana tsakiyar darasi, babu hula a kanta. Ta miƙe tana magana lafiya lau, kwana biyu bayan nan ta rasu sakamakon zubar jini a cikin kai.

Mai sinobod ya ƙara da kariyar wuyan hannu, domin nan ne ya fi karyewa a wasansa. Ya kuma san ƙafar da zai sa gaba: ka tsaya, wani ya ɗan tura ka ta baya, ƙafar da ta fara fita yawanci ita ce.

In za ka ɗauki alluna, ka haɗa su ka riƙe a tsaye muddin kana cikin mutane. Wanda ya saɓa su a kafaɗa ya juya ba tare da dubawa ba, fuskar na bayansa zai samu.

5. Ranar farko: koyi tsayawa

Ka ɗauki malami, ko na rukuni ne. Aboki da ya iya yakan manta wahalar ranarsa ta farko, bayan minti ashirin zai ce maka, "Kai dai taho, a sama ake koyo." Daga nan ake samun matsala.

Malami zai fara da kai a fili shimfiɗaɗɗe: sa allo, cire allo, tafiya da ƙafa ɗaya, hawa tudu a kaikaice kamar mai taka matakala. Kafin ka sa takalmi a maƙali ka kakkaɓe ƙanƙarar da ke tafinsa, ka sa yatsu tukuna, ka danna dunduniya har ka ji ƙas. Idan a gangara kake, alluna su kwanta a gicciye, kuma ka fara da ƙafar da ke ƙasa.

Tsayuwar ita ce ginshiƙi. Gwiwa a lanƙwashe, ƙwauri na danna gaban takalmi, hannaye a gaba kamar mai riƙe da faranti, ido a inda za ka, ba a kan ƙafafu ba. Tsoro yakan sa mutum ya ja jiki baya, kuma da ka ja baya alluna sun ƙwace maka.

Birkinka shi ne abin da ake kira garma, wasu malaman su ce fiza. Ka kusanto da kawunan alluna ba tare da sun haɗu ba, ka buɗe bayansu, siffar ta zama kamar yankan kankana. Buɗewa kaɗan rage gudu ne, buɗewa sosai tare da tura dunduniya waje tsayawa ce. Juyawa kuma daga nan take fitowa: ka ɗora nauyi a ƙafar dama ka nufi hagu, ka ɗora a hagu ka nufi dama. Mai zamiya ba ya saukowa a miƙe, yana yanka gangara ne dama da hagu kamar tafiyar maciji, kuma kowane juyi na cinye gudu. Sanduna ba birki ba ne. Wanda ya soka sanda a gabansa yana cikin gudu, cikinsa ko haƙarƙarinsa za ta samu.

Za ka faɗi, kowa na faɗuwa. Idan ka ji abin ya gagara, ka zube ta gefe a kan ƙugu, ta wajen tudu. Kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa, kada ka zauna a kan bayan alluna, kuma kada ka yi ƙoƙarin miƙewa alhali kana kan zamewa, domin a wannan lokacin jijiyar gwiwa ke tsinkewa. Bari ka tsaya cak, ka jawo alluna ƙasa da jikinka a gicciye, sannan ka tashi. In ta ƙi, cire allo ɗaya. Mai sinobod idan zai faɗi ta gaba ya dunƙule hannu ya sauka a kan damatsa, ta baya kuma ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don ƙeya kada ta bugu.

Ga ma'aunin da nake ba duk wanda ya tambaye ni: kada ka bar filin koyo sai ka iya tsayawa a daidai inda malami ya nuna, sau goma a jere, ka kuma iya juyawa dama da hagu da niyya.

Gargaɗi kan launukan da ke nuna wahalar gangara: a Faransa kore shi ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Ostiriya da Switzerland yawanci daga shuɗi ake farawa. A Amurka da Kanada kuwa, kore ne na ɗan koyo, shuɗi na matsakaici, baƙi na gwanaye. Ka karɓi taswira, ka tambayi ma'aikaci kafin ka hau, domin wata kujerar idan ta kai ka sama babu hanyar saukowa mai sauƙi.

6. Abin hawa

A filin koyo akwai darduma mai tafiya, ka tsaya a kai kawai ta kai ka. Akwai igiyar ja mai faifai da ake sawa tsakanin cinyoyi: ba a zama a kanta, tsaye ake yi ta ja mutum. In ka faɗi, sake ta ka mirgina gefe.

Kujerar lilo ce ke firgita mutane. Tun a layi ka cire igiyar sanduna daga wuyan hannu, ka haɗa su a hannu ɗaya, jakar baya ta dawo ƙirji. Ka faɗa wa ma'aikaci cewa karon farko ne, sukan rage gudun kujerar. Ka matsa zuwa layin da aka zana, ka waiga, kujera na taɓa bayan gwiwarka ka zauna ka matsa ciki. Kafin ka sauke ƙarfen tsaro ka sanar da na kusa da kai, kar ka buga masa a ka. Ba a lilo da ƙafa. Abin da ya faɗi ya faɗi, a ƙasa za ka nema. Dab da sauka a ɗaga ƙarfe, a ɗaga kawunan alluna, ƙasa na taɓawa ka miƙe ka zame gaba, ka bar wurin nan take domin wata kujerar na tafe. Mai sinobod da ƙafar gaba kaɗai a ɗaure yake hawa. Yaro ƙarami ba ya hawa sai da babba a gefensa.

A layi ba a kutse, ba a taka allon wani, ba a kama wa mutum biyar wuri. Inda layuka biyu suka haɗu, ɗaya daga nan ɗaya daga can ake shiga.

7. Hakkin hanya

Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji goma da kotunan Turai ke dubawa idan an yi karo. Wadda ta fi kowacce nauyi ita ce: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya. Ba shi da madubi, ba ya ganinka, kuma yana da damar juyawa duk inda ya so. Kai da ke sama kai ne za ka kauce. Mu da muka saba da tuƙin Kano, inda ake danna oda a ratsa tsakanin A Daidaita Sahu biyu, sai mun sake tunani gaba ɗaya. A gangara babu oda, kuma ihun "a ba ni hanya" ba ya wanke kowa.

Idan za ka wuce mutum, ta dama ko ta hagu duk ya halatta, amma ka bar masa fili mai yawa. Ka ƙara nisa idan yaro ne, ko jerin ɗalibai a bayan malaminsu. Ba a ratsa tsakiyarsu. Mai sinobod yana ba wa gefe ɗaya baya, ta nan ba ya gani, ka kula da hakan. Kafin ka fara tafiya, ko ka shiga wata gangara daga mahaɗa, ka dubi sama ka dubi ƙasa, tamkar mai tsallaka titin Zariya.

Sai maganar tsayawa, wadda a kanta nake da labari. Wata shekara mun je wani dutse da ƙanin abokina, yaro mai hankali, ranarsa ta biyu ke nan. Muna saukowa ya wuce wani ɗan tozo, ya ga wurin ya yi kyau, ya tsaya a tsakiya ya zauna, ya ciro waya. Ya ɗago hannu yana ce mini, "Yaya, don Allah ɗauke ni a nan, in tura wa Umma." Ni ina gefe ina ganin abin da shi ba ya gani: mai saukowa daga sama ba zai hango wanda ke zaune a bayan tozon ba sai ya iso kansa. Ban rufe baki daga cewa ya tashi ba, wani mutum ya bayyana, ya yi iya ƙoƙarinsa ya kauce, amma gefen allonsa ya shafi hannun yaron. Safar hannu ta tsage, aka yi masa ɗinki a bayan hannu. Da fuska ce ta samu, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Har yau idan na tuna ƙarar nan gabana faɗuwa yake.

Saboda haka: tsayawa a gefe, a inda na sama zai hango ka daga nesa. Ba a bayan tozo ba, ba a kwana ba, ba a matsattsen wuri ba, ba a bakin sauka daga kujera ba. Idan kuna da yawa ku jeru a gefe ɗaya, mai isowa ya tsaya ƙasa da 'yan'uwansa, don in birki ya ƙi kada ya kwashe su. Hoto ma a gefe. Ɗaukar bidiyo kana tafiya, ko toshe kunne da waƙa, ba na ɗan koyo ba ne. Wanda ya gaji zai sauka da ƙafa, ya bi can gefe. Allon sinobod idan an cire a kifa shi, in ba haka ba zai gangara shi kaɗai ya sami wani.

Gargaɗi: igiya, raga, ko allon da ya ce an rufe, ba a tsallake su. A wajen iyaka akwai duwatsu a ɓoye, ramuka da zaftarewar ƙanƙara. Michael Schumacher, zakaran tseren mota kuma gwanin zamiya, a Disamban 2013 a Méribel na Faransa ya bugi dutse a ɗan tsakanin gangara biyu da ba a gyara ba. Da hularsa a kai, amma raunin ya sauya rayuwarsa.

8. Idan an yi hatsari

Taimako wajibi ne a ƙa'idar wasan. Abu na farko, a tsare wurin: a soka alluna biyu a gicciye 'yan mitoci sama da wanda ya faɗi, ko wani ya tsaya yana ɗaga hannu. A kira ma'aikatan ceto. Lambarsu na jikin taswira ko tikiti, ka adana ta tun da safe. A ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya 112 na aiki. Ka faɗi sunan gangarar da lambar sandar alama ta gefen gangara da ke kusa.

Al'adarmu ce mu ruga mu ɗaga wanda ya faɗi, mu ja ƙafar, mu ba shi ruwa. A nan kada a yi ko ɗaya. Idan yana kukan wuya, baya ko kai, kada a motsa shi, kada a cire masa hula. A lulluɓe shi da riga, a yi ta yi masa magana. Idan da kai aka yi karon, ko a gabanka aka yi, ka tsaya ka ba da sunanka da lambarka. Guduwa laifi ce a ƙasashe da dama.

Wanda ya bugu a ka ya daina wasa ranar, ko da ya ce garau yake. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko yawan barci, asibiti kai tsaye. Yatsa, hanci ko kunne da ya mutu, ya yi tauri ya koma toka-toka, sanyi ne ya fara cinsa. Kada a murza, kada a kara a wuta ko hita, domin wurin ba ya jin zafi, zai ƙone. A shiga ɗaki a sa a ruwa mai ɗumi daidai jiki, a nemi likita.

9. Sallah, ruwa da lokacin tashi

Sanyi na ɓoye ƙishi, ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ba, ka sa dabino a aljihu. Waya kuma a aljihun ciki, don sanyi na zuƙe batir. Ka yi alwala kafin ka sa takalmi, ka tsane ƙafa sarai. Yinin hunturu a can gajere ne, Azahar da La'asar kusa suke, don haka ka san inda masallaci ko ɗakin sallah yake tun da safe. Wanda zai je cikin azumi ya taƙaita wasan zuwa awa ɗaya ko biyu.

Kujeru kan tsaya da misalin ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma, ka duba lokacin na ƙarshe. Da yamma haske na dushewa, ƙanƙara ta yi tauri ko ta yi tudu-tudu, ƙafafu kuma sun gaji. Da zarar ka ji cinyarka na rawa, ko ka faɗi sau biyu a wurin da ɗazu ka wuce lafiya, ka cire alluna ko da saura awa biyu a tikitinka. Ka mayar da kayan haya, a duba su a gabanka, ka karɓi shaidarka. Idan gobe za ka dawo, ka ajiye takalmin a ɗaki mai ɗumi, ka shanya safa da safar hannu, domin takalmin da ya kwana a mota da safe ƙafa ba ta shiga.